Murafan Kwalba Da Cinikin Bayi

Jama'a, ku zo mu dubi aikin El Anatsui, mutumin Gana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Murafan kwalaben giya yake tarawa, a daddaƙe su, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, sai ka ga ƙaton zane yana walƙiya a bango.

To me ya sa giya? Ai tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa bakin teku suna musaya da bayi. Bayin kuma aka kwashe su zuwa gonakin rake, inda ake dafa wata giyar.

Ni dai abin da ke damuna, har yau kaya muke saye mu yar da ɓawon, ba ma tambayar gumin wa ke ciki.