Ɓargon Wa Zai Dace? Darasin Japan ga Hausawan Kwatano

Dashen ɓargo na iya raba yaro da amosanin jini, wato sikila, amma sai an sami wanda alamomin ƙwayoyin jikinsa, da likitoci ke kira HLA, suka dace da nasa. Alamomin nan gado ne. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba kuwa da wuya su dace. Ke nan gida mai ɗakuna uku da 'ya'ya goma sha biyar a unguwar Akpakpa ko Zongo a Kwatano na iya rasa mai bayarwa ko ɗaya. Daga nan sai a koma rajistar baƙi, kuma baƙon da ya fi kusa da dacewa shi ne wanda aka haɗa tushe da shi.

Wannan ne ya sa jikokin Japanawa a Amurka suka sha wuya, domin rajistar can galibi Turawa ne. A 1991 aka kafa ƙungiyar A3M a Los Angeles don jawo 'yan asalin Asiya, a shekarar kuma Japan ta kafa tata rajistar. Abin lura a tsarin Japan shi ne, ko mutum ya amince, ba a ɗibar ɓargonsa sai iyalinsa sun yarda. Ana sukar sharaɗin saboda yana zubar da masu niyya. Ni dai ina ganin gaskiya ya faɗa: a wasu al'ummu jiki ba na mai shi kaɗai ba ne. Saurayin da ke sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ba zai kwanta a yi masa allurar barci ba tare da ya ji ta bakin mahaifiyarsa da malaminsa ba, duk takardar da ya sa wa hannu.

Har ruɗanin suna ma iri ɗaya ne. Japanawa kan rikita ɓargo da laka don kalmomin sun yi kama, haka ma a Faransancin da ake magana da shi a asibitocin Kwatano, inda kalma ɗaya ke ɗauke da su biyun. Sai tsoron shanyewar ƙafa ya shigo, alhali daga ƙashin ƙugu ake zuƙo ɓargon. Hausa ta raba su tun asali, ɓargo daban, laka daban. Asara ce a yi wa Bahaushe wannan bayani da Faransanci.

Najeriya ta yi dashen farko a 2011 a birnin Benin (na Edo, ba Jamhuriyar Benin ba), ta buɗe rajista a Enugu a 2012. Kwatano na da cibiyar masu sikila da Farfesa Mohamed Chérif Rahimy ya kafa, inda iyaye mata ke kai 'ya'yansu. Da su ya kamata a fara maganar, da Hausa, kafin a kai takardar rajista masallacin Zongo.