Gwajin Jini a Matsayin Ginshiƙin Wayar da Kai Kan Ciwon Suga a Sabon Birni da Isa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci binciken da aka wallafa kan ciwon suga a Jihar Sakkwato, ta auna shi da halin da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke ciki. Matsayarta ita ce faɗakarwa da baki kaɗai ba za ta tarbi cutar ba sai an haɗa ta da gwaji.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum mai ciwon suga idan sugan jininsa kafin karya kumallo ya kai milimol 7.0 a kowace lita. Tsakanin 6.1 da 6.9 kuwa, yana bakin kamuwa. Yawanci wannan matakin ba ya zuwa da alama. Abin da jama'a suka sani, wato yawan fitsarin dare, ƙishirwa, rama, da kiyashi da ke taruwa inda aka yi fitsari, duk sai cutar ta zauna suke bayyana.

Abin da alƙaluma suka nuna

Uloko da abokan aikinsa (2018) sun tattara binciken ƙasa baki ɗaya, suka sami kashi 5.77 cikin ɗari na jama'a suna da cutar, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 3.0. Wannan adadin yana iya sa hukumomi sakaci. Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sami kashi 4.6 a tsakanin Fulanin birnin Sakkwato (2011), amma kashi 0.8 kacal a tsakanin Fulanin karkara (2013). Jama'a ɗaya ce, jiha ɗaya. Abinci da motsa jiki ne suka bambanta.

Tattaunawa

Nan ne batun ƙasar Gobir, inda Sabon Birni da Isa suke, ya shigo. Tun wajajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, wasu suka tsallaka yankin Maraɗi, wasu suka cunkushe a garuruwan Sabon Birni da Isa. Manomin da ya saba yini da fartanya a fadamar Gulbin Rima yanzu zaune yake wuni. Furar gero da tuwon dawa sun ja baya, taliya da burodi da shayi mai zaƙi sun maye gurbinsu. A ganin mai wannan nazari, sauyin da ke ɗaukar iyali shekaru a birni ya auka wa waɗannan mutane cikin ɗan lokaci, ba da zaɓinsu ba.

Rigakafi yana aiki. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa gyara abinci da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, maganin metformin kuma da kashi 31. Sai dai masu ƙiba aka gwada. Wanda ya gudo da yunwa, in aka ce masa ya rage teɓa, zai ɗauka cutar ta masu kuɗi ce, alhali ramamme ma yana kamuwa.

Saboda haka a kai gwajin inda mutane suke a daidai lokacin da ya dace. Bayan sallar asuba, magidanta ba su ci komai ba tun dare: ma'aikacin lafiya ɗaya da na'urar gwaji a ƙofar masallaci zai soki yatsa, ya ɗiga jini, ya karanta sakamako cikin daƙiƙu, liman kuma ya sanar tun ranar Juma'a. Mata a same su ranar awo da ranar rigakafin yara, a roƙe su su zo kafin kari. Duk wanda adadinsa ya kai 6.1, a rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Sabon Birni ko na Isa domin a tabbatar da jinin jijiya, tunda gwajin yatsa tantancewa ce kawai. Kuɗin tsinken gwaji ya hau kan kasafin lafiya a matakin farko, domin ɗan gudun hijira ba zai iya saye ba.