Daga En'e Zuwa Daliget: Tarihin Neman Kujerar Majalisar Dokoki a Arewacin Nijeriya

Kujerar majalisar dokokin jiha ita ce mafi kusa da talaka cikin kujerun da ake yin doka a kansu a Nijeriya, domin mazaɓarta ba ta cika wuce ƙaramar hukuma ɗaya ko rabinta ba, kuma mai neman ta yakan kasance mutumin da aka san gidansu, aka san sana'ar mahaifinsa. Duk da wannan kusanci, tarihin neman kujerar a Arewa ya nuna cewa ba kasafai ɗan takara yake isa ga mai jefa ƙuri'a kai tsaye ba, saboda a kowane zamani akwai wani mai tsaron ƙofa da yake tsakaninsu, wanda sai da yardarsa ake wucewa. Abin da ya riƙa canzawa shi ne wanda yake tsaron ƙofar: da farko hukumar gargajiya ce, daga baya jam'iyya da aƙidarta, daga bisani kuma gwamna da wakilan zaɓen fid da gwani.

Asalin majalisar yana komawa ne ga tsarin mulkin Richards na 1946, wanda ya kafa wa Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna, wato ta sarakuna da ta wakilai. A wancan mataki ba a yin yaƙin neman zaɓe, domin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki yake shugabanta a ƙarƙashin kulawar Razdan da Di'o, ita ce take tura yawancin wakilan da ba Turawa ba daga cikin ma'aikatanta. Zaɓe ya shigo ne da tsarin mulkin Macpherson na 1951, wanda ya ba majalisar kujeru 90 na zaɓaɓɓu, sai dai zaɓen mai hawa-hawa ne: magidanta masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye ko unguwa, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga taron lardi, wanda shi ne yake fitar da 'yan majalisa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon cusa mutanenta har kashi goma cikin ɗari a taron ƙarshe na lardi, kuma da wannan dama aka dawo da wasu da suka sha kaye tun a ƙasa, NEPU ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba na 1951, ita ce ta tattara yawancin waɗanda suka yi nasara, kuma daga cikinsu Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya zama Firimiya a 1954.

Zaɓen majalisar Arewa na 1956 shi ne ya fara nuna siffar yaƙin neman zaɓe kamar yadda aka san shi daga baya, domin a wasu mazaɓu na birane an jefa ƙuri'a kai tsaye ba tare da hawa-hawa ba. Takarar da ta fi jan hankali ita ce ta Kano ta Gabas, inda Malam Aminu Kano, shugaban NEPU, ya kara da Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan shahararren attajirin nan Alhassan Ɗantata, wanda NPC ta tsayar, kuma Ɗantata ne ya yi nasara. Wannan karawa ta bayyana hanyoyi biyu na neman jama'a da suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɗan takarar NPC yana dogara ne da hakimai da dagatai da masu unguwanni da attajirai, waɗanda kowannensu yake da barori da dillalai da mabiya da suke cin abinci a ƙarƙashinsa, shi kuwa ɗan takarar NEPU jarinsa shi ne lacca, wato taron wayar da kai a fili, inda ake yi wa talakawa bayani a kan haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin kotuna, ana ɗaga murya da kirarin Sawaba, 'yan NPC kuma suna mayar da martani da Salama.

Wahalar ɗan adawa ita ce, wanda yake takara da shi ne yake riƙe da mabuɗin filin. Ba a yin lacca sai da takardar izini daga En'e, 'yan doka ma'aikatan En'e ne, alƙali da gidan yari su ma nata ne, saboda haka kalma ɗaya da aka fassara a matsayin zagin sarauta tana iya kai mai lacca kurkuku tun kafin ranar zaɓe. A wannan yanayi ne ƙungiyoyin 'yan banga suka samo asali, irin su 'Yan Mahaukata da suka bayyana a Kano a farkon shekarun 1950 suna tarwatsa tarukan NEPU, ita ma ta kafa nata matasan don kare kanta. Da yake yawancin masu zaɓe ba su yi karatun boko ba, alama da waƙa suka zama makaman isar da saƙo: NPC tana da fartanya, NEPU tana da tauraro, kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa, mawaƙa irin su Gambo Hawaja kuma suna rera wa NEPU waƙoƙi, makaɗan fada suna yi wa ɗaya ɓangaren. Mata ba su da ƙuri'a a Arewa a duk tsawon wannan zamani, amma hakan bai hana Hajiya Gambo Sawaba da takwarorinta shiga yaƙin ba, har aka ɗaure ta sau da dama. Adawa ta sami 'yan kujeru a 1956, musamman a Ilori da Barno, inda Ibrahim Imam ya zama jagoran adawa a majalisa, amma a zaɓen 1961 NEPU ta tsira da kujera ɗaya tak cikin 170.

Juyin mulkin 1966 ya rufe majalisar, kuma kafin a sake buɗe ta an rusa ginshiƙan tsohon tsarin. An raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, an mayar da 'yan doka da kotuna da gidajen yari hannun gwamnati, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, mata kuma suka sami damar jefa ƙuri'a. Da aka dawo siyasa a 1979, jam'iyya ce ta zama ƙofa, domin doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, kuma mai zaɓe yana duba alama ne fiye da sunan mutum. A tsohuwar Jihar Kano, mai kujeru 138, PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi, ta kwashe mafi rinjaye, har malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa da ba su da dukiyar yaƙin zaɓe suka shiga majalisa albarkacin aƙida, wannan rinjaye kuwa shi ya sauƙaƙa wa Gwamna Abubakar Rimi tafiyar da manufofinsa bayan ya soke haraji da jangali.

Jihar Kaduna ce ta koya wa 'yan siyasa nauyin wannan kujera. Masu zaɓe sun ba Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, amma NPN, mai alamar gida da masara, ta riƙe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99 na majalisa, sai majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, ya zama gwamnan farar hula na farko da aka tsige a ƙasar. Kafin haka, a 1980, gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Barno, zuwa ƙasar Chadi bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta soke korar. Tun daga lokacin gwamnoni suka fahimci cewa zamansu lafiya ya rataya ne a kan wanda aka tsayar a kowace mazaɓa, saboda haka suka daina barin al'amarin a hannun rassan jam'iyya.

Bayan ɗan gajeren gwajin zamanin Babangida, lokacin da gwamnati da kanta ta kafa SDP da NRC, aka kuma yi zaɓen majalisun jihohi a Disamba 1991 ta hanyar 'yar tinƙe, wato masu zaɓe su yi layi a fili a ƙirga su, tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade cewa majalisar jiha ba za ta gaza kujeru 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Shi ya sa Kano take da 40, Kaduna da Katsina suke da 34 kowacce, Zamfara da Kebbi kuma 24. A wannan zamani yaƙin na gaskiya yana ƙarewa ne tun a zaɓen fid da gwani, inda daliget, wato wakilan jam'iyya daga mazaɓu, suka riƙa zaɓar mai riƙe tuta, galibi bisa umarnin gwamna ko ubangidan siyasa. Wanda ya sami tikiti sai ya shiga buga fosta, da ziyarar ta'aziyya da ɗaurin aure, da ɗaukar nauyin gasar ƙwallo, da biyan mawaƙa da sojojin baka, wato masu kare jam'iyya a shirye-shiryen siyasa na rediyo, waɗanda suka yawaita bayan buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom a Kano a 2003. Sau da yawa kuma guguwar babban ɗan takara ce take ɗaukar ƙarami, kamar yadda kiran a yi sak, wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ya shigar da mutane da dama majalisa a zamanin farin jinin Muhammadu Buhari.

Girman matsayin fid da gwani ya fito fili a Zamfara, inda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 24 ga Mayu 2019 cewa APC ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, ta soke ƙuri'unta, kujerun majalisar jihar suka koma hannun PDP. An yi gyare-gyare da nufin buɗe ƙofa, kamar rage shekarun ɗan takara daga 30 zuwa 25 a 2018, da ƙayyade kuɗin yaƙin neman wannan kujera a kan naira miliyan 30 a dokar zaɓe ta 2022, da shigo da na'urar tantance masu zaɓe, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ikon gwamna a kan tikiti. Sakamakon haka ana ganinsa a aikin majalisun kansu: majalisar Kano ta yi dokar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019 cikin 'yan kwanaki, wata majalisar kuma ta soke su a 2024 cikin gaggawa makamanciyar wannan, kowacce tana tafiya daidai da matsayin gwamnan zamaninta. Muddin ɗan majalisa yana ganin cewa wanda ya ba shi tikiti ya fi wanda ya ba shi ƙuri'a tasiri a kan makomarsa, to, zai yi wuya majalisar jiha ta iya aikin sa ido a kan gwamnati da tsarin mulki ya ɗora mata.