Ɗaukar Gawar Maƙwabci: Bahasi a kan Damuwa da Juriyar Masu Agajin Gaggawa a Kafanchan

Muƙaddima

Tun daga tarzomar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, zuwa rikicin sarautar Jama'a na 1999, da ƙone-ƙonen da suka biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, da harin Goska na jajibirin Kirsimetin 2016, akwai wata jama'a da ba a cika ambatonta ba idan ana lissafin asara, wato waɗanda suka kwashe gawawwaki da masu rauni: ma'aikatan jinya, da 'yan kwana-kwana, da jami'an kiyaye haɗura, da 'yan Red Cross, da 'yan agajin masallatai da na majami'u. Mas'alar wannan maƙala ita ce gano abin da ke karya zukatansu da abin da ke riƙe su.

Bitar Magabata

A 1983 Jeffrey Mitchell na Amurka ya fito da tsarin tara ma'aikatan agaji bayan musiba, kowa ya fayyace abin da ya gani da yadda ya ji, bisa zaton cewa amayar da abin da ke ciki yana hana shi zama ciwo. Tsarin ya bazu, har Rose da Bisson da Wessely suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka nuna a 2002 cewa irin wannan zama guda ba ya hana ciwon firgicin da ke biyo bayan musiba, sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran taimakon farko na zuciya a 2011, wanda ya fifita sauraro ba tare da tilasta magana ba. Saɓaninmu da ɓangarorin biyu guda ne: dukansu sun ginu a kan ma'aikacin da ke barin wurin musiba ya koma gida mai aminci, alhali mai agaji a Kafanchan gidansa yana cikin musibar.

Hanyar Bincike

An dogara ga rubutaccen tarihin waɗannan rikice-rikice, aka auna shi da rukunai biyar da Hobfoll da abokansa suka zayyana a 2007: aminci, natsuwa, jin iyawa, cuɗanya da fata.

Natija

Rukunin da ya fi rauni a Kafanchan shi ne cuɗanya, kuma a kansa muke son tsayawa. Garin da jirgin ƙasa ya raya, ya tara Fantsuwam da Hausawa da Bajju da Ibo da Yarbawa a kasuwa ɗaya, ya wayi gari unguwanninsa sun rabu bisa addini, ta yadda mai jinyar da ta kwana tana ɗinke raunin wanda ake kira abokin gaba za ta koma unguwarsu da asuba ta tarar ana tambayarta dalilin ceton sa, ɗan agajin da ya tsallaka da makara kuwa yana tsoron waɗanda ya je wurinsu, yana kuma tsoron zargin waɗanda ya baro. Brewin da abokansa sun nuna a 2000 cewa rashin madafa daga jama'a bayan musiba yana cikin mafi ƙarfin sabubban ciwon firgici. To, ina ga wanda jama'arsa ce ke tuhumarsa saboda alherin da ya aikata?

Jumhurin malaman Musulunci sun tafi a kan cewa wankan mamaci da binne shi farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura. Sai dai saukar wajibi ba ta sauke haƙƙin waɗanda suka ɗauka, kuma abin baƙin ciki ne yadda ake zaman makoki ana yi wa dangi ta'aziyya, wanda ya ɗauko gawar da hannunsa kuwa a ce masa “sannu da aiki, sai haƙuri”, a sallame shi. Haƙuri ibada ce, amma ba ya zama hujjar hana mutum hutu, ko canjin aiki, ko ganin likitan ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa sai an yi tafiya har asibitin Barnawa a Kaduna. Saboda haka muke ganin cewa maslaha tana cikin haɗa 'yan agajin addinan biyu a horo ɗaya da fita ɗaya, da kuma limamai da fastoci su wanke su daga zargi a bainar jama'a, aikin da ya dace da ruhin Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan ta 2016, ya kuma sami madogara a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958.

Iyaka

Za a ce bahasin bai auna kowa da takardar tambayoyi ba, kuma ya tsaya a garin Kafanchan bai shiga ƙauyukan Kaura da Zangon Kataf ba. Haka ne, amma duk mai son yin wannan awo sai ya fara sanya tambayar zargin maƙwabta a cikin takardarsa, domin ma'aunan da aka shigo da su daga waje ba su tanade ta ba.