Agustin da 'Ya'yan Itacen Maƙwabci

A tarihin Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagast, wato Suk Aharas ta Aljeriya a yau, wata 'yar sata ce ta fi tsaya mini a rai. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka kakkaɓe itacen maƙwabci da dare, suka watsa wa aladu 'ya'yan. Ba yunwa ta sa shi ba, daɗin ɓarnar kawai ya ji.

Daga nan ya tafi karatu Kartaj, sha'awa ta yi masa dabaibayi, mahaifiyarsa Monika tana ta kuka da addu'a. Ya san yana cutar kansa, amma sabo ya fi ƙarfinsa. Sai a shekarar 386, a wani lambu a Milan, ya karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya tuba. Bishop Ambros ya yi masa baftisma a 387.

Abin da Kirista suka ɗauka daga labarinsa shi ne: ilimi kaɗai ba ya kwance ɗaurarre, sai alherin Allah ya sabunta zuciya. Ni dai na ga kaina a gindin itacen nan.