Daga Tenochtitlan zuwa Satiru: Yadda Mamaya ke Dogara da Hannun 'Yan Gida

A ranar 13 ga Agustan 1521 birnin Tenochtitlan, cibiyar daular Aztek a ƙasar Meziko ta yau, ya faɗa hannun Hernán Cortés na Sifaniya, shekara biyu bayan saukarsa gaɓar ƙasar. Bindiga da doki sun taimake shi, haka annobar agana ta 1520. Amma mafi yawan waɗanda suka kewaye birnin 'yan ƙasa ne, musamman mutanen Tlaxcala, tsofaffin abokan gaban Aztek.

Ƙasar Bodinga da Shagari ta shaida makamancin wannan. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma yana Bodinga. A watan Maris na 1903 rundunar Ingila ta biyo ta Shagari, aka gwabza a Giginya ranar 15 ga wata. Hafsoshinta Turawa ne, amma sojojin baƙar fata ne, da Hausawa a cikinsu.

Daga nan ijtihadin shugabanni ya rabu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, ya faɗi a yaƙin Burmi cikin Yulin 1903. Waziri Buhari ya zauna, ya kafa hujja da halaccin sassauta wa mai rinjaye a zahiri domin tsare addinin jama'a.

A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kusa da Danchadi, suka yi bore da da'awar Mahadiyya, suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga Maris aka rushe garin, aka hallaka jama'a masu yawa, sarautar Sakkwato tana ɓangaren Turawa, domin ta ɗauki boren a matsayin fitina.

Sai dai ƙarshen al'amarin ya bambanta. Sifaniyawa sun rushe wuraren bautar Aztek, suka gina coci a gurbinsu. Lugard kuwa ya yi alkawarin barin addini, sai masallatai, makarantun zaure da kotunan alƙalai suka wanzu, amma ƙarƙashin ikon baƙo. Shi ya sa hukunta matsayin Waziri Buhari ke da wuya: sulhun da ya tsare karatun Sakkwato shi ne kuma ya sa sarautarta cikin sahun da ya auka wa Satiru.