Cimar Ƙasashe Uku a Kan Hanyar Gaya

Tun kafin Turawan Faransa da na Ingila su shata iyakokin da suka raba Nijar da Najeriya da Dahome, wato Benin ta yau, ƙasar Dandi ta kasance mahaɗar cima iri biyu: ta arewa, wadda ta dogara ga gero da dawa da nono, da ta kudu, wadda ta ginu a kan doya da masara da manja. A ƙarni na 19 ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara ta wannan yanki, su ratsa Borgu har Salaga, ɗauke da kanwa da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Yankin kansa yana da gishirin Fogha, wanda ake samu ta hanyar tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwan har ya ƙafe, kuma ya daɗe yana shiga miyar Kabi da ta Borgu.

Saboda haka mutumin Karakara, da ke arewa da Gaya a Nijar, idan ya je Kamba ta jihar Kebbi, ba ya jin baƙunta a bakin akushi, domin fura da tuwon dawa da miyar kuka duk ɗaya ne, haka kuma muruci, wato tsiron ƙwallon giginya da ake dafawa, wanda Gaya ta yi suna da shi. Sai ya haye zuwa Malanbil ta Benin yake tarar da kamun masara da aka dafa ya daskare, wanda ake kira akasa, da sakwara, da wagashi, cukun da matan Fulani ke yi da nono da ruwan tumfafiya.

Bambancin da mulkin mallaka ya bari ya fi fitowa a teburin mai shayi, inda ɓangaren Nijar da Benin ya gaji dogon burodin Faransa mai ƙarfin ɓawo, na Najeriya kuwa ya saba da mai laushi da zaƙi, kuma wannan gado ya shiga jiki fiye da yadda ake zato. Gadar da aka gina tsakanin Gaya da Malanbil a 1958 ta sauƙaƙa shigowar garin rogo, daga baya kuma shinkafar Asiya da ake saukewa a Kwatano ta bi sawu, har ta zama babban dalilin da ya sa Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019. Da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, buhunan gari da masara da jarkokin manja suka koma ƙetare kogin a kwalekwale.